Ranar da Don Hilario Ya Ɗauki Gatari

A garinmu Santa Brígida, idan mai gidan rediyo ya gama karanta sanarwar rasuwa da farashin shanu da safe, sai a ji an ja kujera ƙiii, an yi gyaran murya. Kowa ya san Don Hilario Umpiérrez ne ya zauna zai faɗi halin da sama ke ciki. Don a wurinmu laƙabin girma ne na maza, Doña kuwa na mata. Mata su rage wutar murhu, maza su ajiye ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, a gwiwa. Ba duka ne ke saurare don sun yarda da shi ba. Wasu abin tsokana suke tarawa, su ajiye sai sun haɗu da shi a kantin Wilmar.

Mutum ne dogo siriri, mai manyan kunnuwa da ke yin ja tun kafin shi kansa ya san ya ji kunya. Ƙuruciyarsa a tashar jirgin ƙasa ya yi ta, yana sayar da tikiti. A bayan tashar akwai gwangwanin awon ruwan sama, aikin da kowa ke gudu saboda sai an shiga taɓo kafin a duba shi, aka ɗora wa Hilario tunda shi ne sabon zuwa. Ashe an haɗa shi da abin da zai riƙe shi har furfura. Ranar da jirgin fasinja ya daina tsayawa a garinmu aka rufe tashar, kowane ma'aikaci ya ɗauki abin tunawa, wani fitila, wani benci. Hilario ya tumɓuke gwangwanin har da turkensa, ya sauko da ma'aunin nauyin iska da ke ofishin shugaban tasha, wani abu kamar agogon bango mai allura ɗaya, ya ɗaure su a bayan keke ya kai gida.

Gidan kuwa ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, Doña Casilda, wadda ya auri 'yarta Nélida ya tare a wurinsu don ya kula da 'yar gonar inabin da marigayi mijinta ya bari. Doña Casilda gajeriya ce, ba ta kai masa kafaɗa ba, amma duk yankin ita aka sani da sarar hadari. Idan gajimare ya haɗo daga kudu ya yi baƙi ƙirin, sai ta fito tsakar gida da gatarin marigayin, ta fuskanci hadarin, ta sari iska a gicciye tana kiran Santa Bárbara, waliyyiyar da ake roƙo in hadari ya taso, sannan ta kafa gatarin a ƙasa bakinsa na kallon hadarin, ta zuba gishiri gefensa. Hadari ya rabu biyu, in ji mutane, ƙanƙara ta wuce ta sauka a gonar wani. Gonar wa? Wannan ba a tambaya.

Sun zauna lafiya, shi da allurarsa a zaure, ita da gatarinta a bayan ƙofar kicin, har ranar da daɗin murya ya kwashe shi a rediyo. Ya ce, "Makwabta, a wannan zamani har yanzu akwai masu fita yaƙi da gajimare da gatari. Da gatari na maganin ƙanƙara, da masu saran itace ne ke mulkin ƙasar nan." Bai kira sunan kowa ba. Amma mai gatari ɗaya ce a garin, kuma rediyonta a kunne yake.

Tun daga ranar Doña Casilda ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba. Ba ta yi gaba da shi irin ta ƙin gaisuwa ba, a'a, sai dai komai ta bakin karen gidan yake bi.

"Sargento, gaya wa mai rediyo miya na hucewa."

"Sargento, tambayi mai rediyo ko iliminsa ya kai ya gyara ƙofar kaji."

Karen ya ɗaga kai ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya koma barci. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Sargento na farko ya tsufa ya mutu, aka kawo wani ɗan kwikwiyo, ta sa masa Sargento, ya gaji muƙamin.

Wannan duk Don Hilario ya iya haɗiye shi, tunda a cikin gida ne. Abin da ya karya shi na bara ne, lokacin bikin Carnaval. Gari ya yi karo-karo an kafa dandamali a dandali, an gayyato mawaƙa daga babban birni Montevideo, an yanka shanu. Da safen ranar Don Hilario ya shiga rediyo ya rantse cewa guguwa na tafe da za ta ɗauke kwanon dandamalin ta kai shi bakin teku. Aka kwance dandamali cikin rana, aka buga wa mawaƙa waya kada su zo, aka rarraba nama gida-gida. Yamma ta yi, taurari suka fito tar, ko ganye bai motsa ba. Guguwar ta zo kam, amma a tsakiyar kogi ta zube, inda ba kowa sai kifi. Washegari ya shiga rediyo zai yi bayani, abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne, "Wataƙila..." Shi ke nan, suna ya samu. Don Wataƙila. A bikin bana har samarin gari suka fito da wani ya ɗaura kunnuwan kwali jajaye, riƙe da laima cikin rana tsaka. Don Hilario na cikin 'yan kallo, ya yi dariya tare da kowa, ya tafa hannu, ya koma gida bai ci abinci ba.

Abin da yake so a duniya daga nan bai wuce ɗaya ba: wannan suna ya fita daga bakin mutane.

To, ƙarshen Fabrairun bana zafi ya yi zafi. Iskar arewa ta yi kwanaki tana busowa, mai ɗumi da danshi, irin wadda ke sa riga ta manne a baya, mata da miji su yi faɗa a kan gishiri. Inabi ya yi baƙi ya yi nauyi a jikin waya, saura 'yan kwanaki na rana zaƙinsa ya cika. A garinmu kowa ya san lissafin: ka tsinka da wuri, mai saye ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya rage maka, ka jira, in ƙanƙara ta riga ka, aikin shekara ya zama romo a ƙasa.

Don Hilario ya lura allurarsa na sauka. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ta ƙara sunkuyawa. Ya kamo tashoshin Ajantina a ƙetaren kogi, ya ji a garuruwan kudu mutane sun kwana da fanka sun tashi suna neman bargo. Ofishin yanayi na Montevideo ma ya ce kudancin ƙasa su yi hattara. Irin wannan sanyi na kudu sai kaka ta shigo ake sa ransa, amma bana ya yi sammako, ya taho ya tarar da zafi bai kwashe kayansa ba. Don Hilario ya san abin da ke biyo bayan wannan haɗuwa, ya sha bayyana shi a rediyo da ƙoƙon mate da fulas: iskar sanyi mai nauyi ta kutsa ƙarƙashin ta zafi, ta cicciɓe ta sama da ƙarfi, danshin ya daskare can ƙololuwa, ya dawo ƙasa duwatsu. Da yamma ya ce wa matarsa, "Tsohuwa, gobe kada ki yi shanya. Ki shigar da kaji da wuri. Abin da ke tafe ba na wasa ba ne."

Da safe yana tura kekensa zuwa gidan rediyo, Wilmar na share ƙofar kantinsa. Wilmar abokinsa ne tun makarantar firamare, kuma shi ya raɗa masa sunan.

"A'a, Don Wataƙila! Yau me za mu kwance? Dandamali dai mun riga mun kwance, sai dai coci."

Masu jiran burodi suka kwashe da dariya. Don Hilario ya taɓa hula ya wuce.

Ya zauna gaban makirufo, ya yi gyaran murya. Maganar na nan a bakinsa a shirye: ƙanƙara, guguwa, ku tsinke abin da za ku iya. Sai ya ga kunnuwan kwali a idonsa, da laimar nan. Ya tuna ita ƙanƙara ba ta da alƙawari, tana iya zubewa a kogi kamar bara. Ya ji bakinsa na cewa, "Makwabta, zafin nan ya kusa sauƙi. Da yamma za a samu 'yar iska mai sanyi daga kudu. Wataƙila da ɗan yayyafi."

Har da wataƙilar.

A hanyar komawa ya ga tsoho Pereira zaune a inuwa da rediyo a cinya, almakashin tsinkar inabi a rataye a ƙusa. Ya ɗaga wa Hilario hannu. "Madalla, makwabci! Da na yi niyyar fara tsinka yau, amma tunda ka ce yayyafi ne, bari ya ƙara shan rana." Don Hilario ya ɗaga hannu shi ma, ya ƙara taka keke, kunnuwansa kamar an gasa.

A gida Nélida na tsaye bakin kicin, hannu a ƙugu.

"Tsoho, jiya ka ce mini kada in yi shanya."

"Na faɗa."

"Yau ka gaya wa gari yayyafi."

"Ai ba a tayar wa jama'a hankali haka kawai, Nélida. Akwai yadda ake..."

Doña Casilda na zaune tana ɓare wake, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Sargento, tambayi mai rediyo. Wanne ne na gaskiya, na ɗaki ko na rediyo? Don in kajinmu sun fi inabin Pereira daraja, ya faɗa mu sani."

Karen ya dube shi. Don Hilario ya rantse daga baya cewa bai taɓa ganin kare ya yi wa mutum irin wannan kallo ba. Ya shiga zaure ya ƙwanƙwasa gilashi. Allurar ta faɗa inda bai taɓa ganin ta ba tun yana tasha. Ya tsaya yana kallon ta, yana fata ko ta lalace ne. Ba ta lalace ba. Ya ɗauki hularsa.

Rana ta take, garin ya yi tsit, kowa ya shiga barcin rana. Gidan rediyo a kulle, mai shi ya saka kiɗa ya tafi gida ya kwanta, kuma shi mutum ne da ko gobara sai ta jira ya tashi. Don Hilario ya buga ƙofa har hannunsa ya yi zafi. Wuri ɗaya ya rage da ake samun masu ido biyu a wannan lokaci, shi ne bayan kantin Wilmar, inda 'yan karta ke zama ƙarƙashin fanka. Ya tsaya a ƙofar kamar mai shirin shiga wurin likitan haƙori, sannan ya ɗaga labule.

"Ga mai yayyafi!" in ji Wilmar. "Zo ka zauna, malam. Ka zo da laima?"

"Wilmar, abin da na faɗa da safe ba haka ba ne."

"Ai mun sani. Kullum ma ba haka ba ne."

"Ka saurare ni. Ƙanƙara ce ke tafe, kafin faɗuwar rana. Tun jiya na sani."

Aka ajiye karta. Wani daga cikinsu ya ce, "Ka sani tun jiya, ka ce mana yayyafi?"

"Na ji tsoron dariyarku ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wilmar ya sosa ƙeya. "To yanzu wane Hilario za mu bi, na safe ko na rana? Ni fa inabina saura kwana kaɗan ya nuna. In na tsinka yau aka wayi gari da taurari kamar bara, sai na tura maka matata ka yi mata bayani."

"Ba zan ce maka lallai a gonarka za ta sauka ba. Ba wanda zai iya faɗar haka. Tana iya zubewa a kogi. Amma ni da gonar tawa ce ni kaɗai, da yanzu ina cikinta da almakashi."

Matar Wilmar, Doña Mirta, ta leƙo daga bayan kanta, ta ƙare wa Don Hilario kallo. Ta ce wa mijinta, "Kai, dubi kunnuwansa. Mutum ba ya taka keke cikin wannan rana don ya zo ya ce shi matsoraci ne, sai in ya ga abu. Tashi ka tayar da mota."

Wilmar na da wata tsohuwar a-kori-kura da lasifika a ka, wadda yake yawon tallan rangwame da sanarwar rawa da ita. A bayanta aka ɗora Don Hilario, aka miƙa masa makirufo.

"Me zan ce?"

"Abin da ka ce mana. Har da na tsoron, don shi ya fi shiga kunne."

Haka suka bi layi-layi, gona-gona, cikin tsakiyar barcin rana, muryar da gari ya saba ji a hankali da safe tana fashewa a lasifika: "Makwabta, Hilario ne. Abin da na faɗa da safe ba gaskiya ba ne. Ƙanƙara na iya sauka yau. Ku fito ku tsinka." Tagogi suka yi ta buɗewa, mutane na leƙowa da singileti, ido a kumbure. Wata tsohuwa ta jefo takalmi. Wani ya ɗaga murya, "Na safe ne ƙarya ko wannan?" Don Hilario ya amsa ta lasifika, duk unguwa na ji, "Na safen!" A ƙofar Pereira ya sa aka tsaya, ya sauko ya cire hula ya faɗa masa baki da baki. Tsohon ya miƙa hannu kawai ya sauke almakashinsa daga ƙusa. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Hilario sauƙi.

Ba kowa ya fito ba, amma an fito da dama. A garinmu in tsinka ta zo da gaggawa ba wanda ke shiga gonarsa shi kaɗai, taruwa ake a afka wa gona ɗaya a gama, a wuce ta gaba. Aka fara da ta Pereira don shi ya fi kowa tsufa, aka wuce ta Wilmar don ita ce a kan hanya, aka bi sauran. Don Hilario na tsinka kamar wanda ake bi, gumi na ɗiga daga hancinsa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Sama kuwa fes, ko ɗigon gajimare babu. Kowane kwando da aka cika sai wani ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya dube shi. Ya tsinci kansa yana addu'ar hadari ya zo, ya ji kunyar addu'ar, ya koma addu'ar kada ya zo, ya tuna kunnuwan kwali. Ranar dai ko Allah bai san me Hilario ke so ba, in ji shi.

Gonar gidansu bai ambace ta ba. Da wane baki? Sai da Doña Mirta ta ce, "Ku tsaya, ta Doña Casilda fa?" sannan aka ɗunguma can, rana ta riga ta karkata.

Ba a ci rabin gonar ba iskar arewa ta ɗauke ɗif. Tsuntsaye suka yi shiru. Daga kudu wani gajimare ya taso dogo a kwance kamar an naɗe tabarma daga wannan gefen duniya zuwa wancan, bayansa baƙi, ƙarƙashinsa kore-kore. Wani sanyi ya shafi wuyan mutane. Wilmar ya cire hula ya ce a hankali, "Kai, Hilario. Wannan ba wataƙila ba ce."

Sai ga Doña Casilda ta fito daga kicin tana jan gatari a ƙasa, ƙullin gishiri a aljihun gaba. Masu tsinka suka dakata, suka buɗe mata fili. Ta tsaya tsakar gida ta fuskanci kudu, ta kama ƙotar da hannu biyu ta ɗaga. Gatarin ya kai gwiwarta ya tsaya. Kafaɗarta ta daɗe tana damunta, ta hana a faɗa. Ta sake gwadawa, ya kai ƙugu, ya koma ƙasa.

"Kawo in sara miki, Doña," in ji Wilmar.

"Kai ɗan gidan nan ne? Sai ɗan gida." Ta waiwaya. "Sargento, tambayi... Sargento!"

Sargento tun tsawar farko ya shige ƙarƙashin gado.

Tsohuwar ta tsaya da gatari a hannu, iska na kaɗa farin gashinta, ba kare, ba ƙarfi, ga rabin inabin mijinta a rataye. Nélida na can ƙarshen gona da kwando a ka. Don Hilario ya dubi jama'a: duk wanda ya ji shi a rediyo ranar da ya yi maganar masu saran itace yana nan tsaye. Ya san gatari bai taɓa juya gajimare ba, kuma har gobe bai canja ra'ayi ba. Amma ya sake duban tsohuwar. Ya ajiye almakashi ya je ya karɓi gatarin.

Ya ɗaga shi ya ɗan kaɗa a iska, a kunyace.

"Ba haka ba! Ƙuda kake kora? Daga sama zuwa ƙasa, Hilario! Da ƙarfi!"

Ya sara daga sama zuwa ƙasa.

"Yanzu daga hagu zuwa dama. Hagunka, ba nawa ba! Wai kai ne mai ilimi. Ka kira ta mana!"

"In kira wa?"

"Santa Bárbara, sakarai, ko ni za ka kira?"

Ya kira ta. Da muryar rediyo ya kira ta, don ita kaɗai gare shi. Ya sara sau uku, ya kafa gatarin a ƙasa, ta zuba gishirinta, iska ta kwashe rabi ta watsa masa a ido. Sannan pampero, guguwar nan mai sanyi ta kudu, ta iso da ƙarfinta, ta ɗaga kwanduna, kowa ya ruga rumfa.

Suka cunkushe a ƙarƙashin kwano suna jin ta. Da fari ruwa, sannan ƙwas, ƙwas, sannan kamar ana juye tsakuwa. A gonar Doña Casilda ƙanana ne suka zubo, kamar wake, suka fasa abin da suka fasa, suka bar fiye da rabi. Manyan, masu girman ƙwan kaza, can suka bi ta kan hanya, suka ratsa gonar Wilmar da ta Pereira suka tsige ganye tas, suka bar waya tsirara. Amma inabin waɗannan gonaki na cikin kwanduna a rumfa tun la'asar.

Da ta lafa aka fito, gari ya yi sanyi kamar ba shi ne ke ƙuna ɗazu ba. Wilmar ya hau mota ya je ya dubo gonarsa ya dawo, ya sauko yana nuna Don Hilario da yatsa.

"Kai! Gonata ka tura ta! Duk faɗin jiharmu ta Canelones ka rasa inda za ka saita gatarinka sai gonata?"

"Wilmar, ƙanƙara a siririn layi take zuba, ko da gatari ko babu. Na sha faɗa muku. Abin da ya ceci inabinka shi ne..."

"Mun gani da idonmu, malam. Hadari ya rabu biyu. Hannunka na da kyau, ka fi Doña ma."

"Kada ka yi mini rashin kunya a gidana," in ji Doña Casilda daga kicin. Ta riga ta ɗora kasko, don ba a ruwa a garinmu a kwana ba a soya torta frita, wainar fulawarmu, ba. Ta fito da faranti, ta zagaya kowa ya ɗauka, ta zo gaban surukinta ta tsaya.

"Ɗauki biyu, Hilario. Gishirin ne ka bari iska ta kwashe, da ko waken nan ba za mu gani ba."

Washegari ya shiga rediyo ya nemi gafarar gari a kan maganar yayyafi, ya yi dogon bayani a kan yadda sanyin kudu ya yi sammako, da dalilin da ya sa ƙanƙara ke cin wannan gona ta bar ta kusa da ita. Bayani mai kyau, har mai gidan rediyon ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Yana gamawa waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga ƙauyen gaba, za ta aurar da ɗanta ranar Asabar a fili, tana tambaya ko Don Gatari na zuwa sara a waje, kuma da gatarinsa yake zuwa ko su tanada.

Sunan Wataƙila dai ya fita daga bakin mutane, yadda ya roƙa. Har yau in ya ce a tsinka, ana tsinka, ba musu. Sai dai in hadari ya haɗo yakan ga makwabta sun jeru a bakin shinge suna jira, shi kuwa ya shige zaure ya yi kamar yana duba allura, kunnuwa jawur. Doña Casilda ta rataye gatarin a ƙusa ɗaya da ma'aunin iskar, ta ce can ya fi kusa da hannunsa. Ya ce zai mayar da shi bayan ƙofar kicin, bai dai samu lokaci ba tukuna.

Ita kuwa tun daga ranar kai tsaye take masa magana, daga safe har yamma: Hilario ƙofar kaji, Hilario ka taka mini albasa, Hilario wa ya koya maka riƙe cokali. Wani lokaci, in ta shiga ɗaki, yakan sunkuya ya shafa kan Sargento, ya ce masa a hankali, "Kai dai ka yi ritaya ka bar ni da aiki."